Amsa ga ɗan'uwan da ke son haɗa Paystack da Lambda

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka: kana da manhajar sayar da data da katin waya, kana so duk sanda kwastoma ya biya ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, Lambda, wato ɗan aikin manhaja da AWS ta kamfanin Amazon ke tayarwa idan an kira shi, ta farka ta zuba masa kuɗin a asusunsa, kuma kana neman shawara ko ka bi ta EventBridge, mai karɓa da rarraba sanarwa a AWS, ko ka haɗa kai tsaye. Ka kuma ce wani lokaci kuɗi kan shiga wa mutum sau biyu. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta hana ni wucewa, domin na ɗanɗana kuɗata a kanta.

Batun EventBridge ba shi da tsawo. Tun 2019 da AWS ta fito da shi kamfanoni ke ta ƙulla hulɗa da ita, irin su Shopify, Zendesk, Auth0 da Stripe, waɗanda ke iya zuba sanarwarsu kai tsaye cikin asusunka ba sai ka buɗe wata ƙofa a intanet ba. Ka shiga jerin waɗannan kamfanoni ka duba. In kamfanin da kake aiki da shi yana ciki, bi ta nan, ka huta da rabin wahalar. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: bayan ka ba kamfanin lambar asusunka da yankin da kake, dole ka koma cikin EventBridge ka ɗaura mafarin sanarwar a kan hanyar saƙonninka. Kafin ka yi haka, duk abin da aka turo zubewa yake yi, ba ya jiran ka. In kuwa babu sunan kamfanin, to kai za ka gina ƙofarka, wato adireshin intanet da za a riƙa turo maka sanarwa, ko da API Gateway ko da Function URL na Lambda, wanda aka fito da shi a 2022 kuma ya ishe ka wannan aikin.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Shekarun baya na yi aiki a kan wata manhaja irin taka a Kano. Duk aikin a Lambda ɗaya muka cusa shi: sanarwar biya ta shigo, ta ƙara kuɗi a asusun kwastoma, ta kira dillalin da muke sarin data a wurinsa, ta tura saƙon waya, sannan a ƙarshe ta amsa wa kamfanin karɓar kuɗi cewa saƙo ya iso. A ranakun da kasuwa ke kwance, komai lafiya lau. Ana jajiberin Sallah, ciniki ya yi yawa, sabar dillalin ta fara jan ƙafa. Lambda ɗinmu ta riga ta zuba kuɗi, amma ta tsaya jiran dillali har wa'adinta ya cika, ba ta amsa ba. Shi kuma kamfanin karɓar kuɗi ya yi abin da ya rubuta a takardunsa cewa zai yi: bai ji amsa ba, ya sake turowa. Har yau ina tuna wani asusu da aka saka wa naira 5,000 muka tarar da 15,000 a ciki, kuma kafin gari ya waye mai shi ya saye data da su. Mai manhajar ya zauna a shagonsa da littafi da biro yana bin lambobin ciniki ɗaya bayan ɗaya, mutane na ta tafiya idi. Laifin tsarinmu ne, ba na kowa ba.

Paystack ma haka yake aiki, kuma daidai ne. In bai samu amsar 200 ba, wato lambar da ke nuna an karɓi saƙo lafiya, zai sake gwadawa duk bayan minti uku har sau huɗu, daga nan duk awa har tsawon awa 72. Saboda haka ka sa a ranka cewa kowace sanarwa za ta iya zuwa fiye da sau ɗaya.

Abin da muka koma yi, kuma shi nake ba kowa shawara, shi ne raba aikin gida biyu. Lambda ta farko mai gadi ce kawai. Ta duba hatimi, ta jefa saƙon cikin layin SQS, inda saƙonni ke jira a AWS, ta amsa 200, shi ke nan. Ba ta taɓa kuɗi, ba ta kiran dillali. Hatimin yana zuwa a x-paystack-signature, kuma HMAC SHA512 ne, wato lissafin da ake haɗawa daga jikin saƙon da mabuɗinka na sirri na Paystack. Ka lissafa shi a kan saƙon yadda ya iso, ɗanye, kafin ka warware shi, domin ko fili ɗaya tsakanin haruffa ya sauya ba zai yi daidai ba. Ka kuma duba isBase64Encoded, wani lokaci a nannaɗe jikin ke zuwa. Don Allah kada ka tsallake wannan binciken da sunan gwaji kake yi. Adireshin ƙofarka a buɗe yake ga duk duniya, wanda ya gano shi zai iya rubuta charge.success, sanarwar cewa an biya, da hannunsa ya cika asusunsa. Mabuɗin kuma ka ajiye shi a Secrets Manager, ma'ajiyar sirri ta AWS, ba cikin lambobin manhaja da za su hau GitHub, shafin ajiye su a intanet, ba.

Lambda ta biyu ita ke ɗaukowa daga layi ta yi aikin gaske. Ita ma SQS na yau da kullum tana iya miƙo saƙo ɗaya sau biyu, don haka layi shi kaɗai bai magance matsalarka ba. Maganin yana cikin lambar ciniki, wadda kowane biya ke da tasa. A DynamoDB, rumbun bayanai na AWS, ka rubuta lambar da sharaɗin attribute_not_exists, wato sai in babu ita a ciki, kuma ka haɗa wannan rubutun da ƙara kuɗin cikin TransactWriteItems guda, ko su shiga tare ko su faɗi tare. Na ga masu fara dubawa ko lambar tana nan, sannan su zuba kuɗi, sannan su rubuta ta. Wannan ba ya tsare komai, domin Lambda biyu na iya farkawa a daƙiƙa ɗaya, kowacce ta duba ta ga babu, kowacce ta zuba. Kafin zubawa ni nakan sake tambayar Paystack da lambar cinikin in tabbatar da adadi. Ka tuna da kwabo suke lissafi, naira 5,000 za ta zo maka a 500000.

A saitin layin, lokacin da saƙo ke ɓuya bayan an ɗauke shi ya kai aƙalla ninki shida na wa'adin Lambda, haka AWS ta ba da shawara. Ka kuma yi layi na biyu inda saƙon da ya gagara zai faɗa bayan 'yan gwaje-gwaje, ka ɗaga kwanakin ajiyarsa daga 4 zuwa 14, ka sa ƙararrawa a kansa ta taɓa wayarka. Duk saƙon da ke kwance a can mutum ne da ya biya kuɗinsa yana zaune yana kallon waya, wataƙila ɗalibi ne da zai cike fom kafin a rufe. Wannan haƙƙi ne a wuyanmu.

Akwai kuma ɗan aikin da na ƙara daga baya, wanda EventBridge Scheduler ke tayarwa duk awa: ya jawo jerin cinikin da aka yi nasara daga Paystack, ya gwada da abin da ke rumbunmu, duk wanda ya ɓace ya jefa shi cikin layin nan dai. Tunda lambar ciniki na tsare da ƙofa, babu fargabar ninkawa.

Kafin ka buɗe wa jama'a, ɗauki sanarwa ɗaya ta gwaji ka harba wa ƙofarka ita sau goma a lokaci guda, ka leƙa asusun. In ka ga fiye da kuɗin biya ɗaya, turo mana yadda ka rubuta sharaɗin DynamoDB ɗin, ka goge mabuɗanka tukuna, mu duba tare in sha Allah.