Tambaya da Amsa: Tsutsar da ke cikin kifin ƙanƙara

Tambaya: Salam Malam, don Allah na sayo titus a kasuwar Sabon Gari ina gyarawa sai na ga wasu fararen tsutsotsi sirara sun nannaɗe a jikin kayan cikin, wallahi hankalina ya tashi don yara na son kifin nan. Shin za su iya zama a cikin mutum su hayayyafa kamar macijin ciki? Daga wata 'yar uwa a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Yadda kika kwatanta ɗin nan ya yi kama da wadda ake kira Anisakis, kuma ana yawan samunta a kifin teku irin su titus da kote da shawa.

Ita wannan tsutsa tana ƙarama ba ta zaɓen kifi, duk wanda ya haɗiye ta zama take yi, amma wajen girma da yin ƙwai akwai ta da tsirfa, sai a tumbin manyan dabbobin teku masu shayarwa irin su wel da dolfin. Ƙwan yana fita da kashinsu ya ƙyanƙyashe a ruwa, ƙananan jatan lande su cinye, kifi ya ci jatan landen, ita kuma ta nannaɗe tana jira har ranar da dolfin zai cinye kifin. Akwai 'yar uwarta Pseudoterranova, ita kuma sai a cikin wata dabbar teku daban mai suna sil take balaga. To kin ga cikin mutum ba gidanta ba ne, ba ta girma balle ta hayayyafa.

Amma fa in aka ci ta da rai tana iya huda jikin tumbi ta kawo ciwon ciki mai tsanani da amai, a Holan aka fara bayanin cutar a 1960 wajen masu cin ɗanyen shawa, yanzu kuma an fi samunta a Japan saboda ɗanyen kifi da suke ci. Mu nan alhamdulillah namu a daskare yake zuwa, sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri yana kashe ta in kifin ya daɗe a ciki, wuta ma haka in tsakiyar tsokar ta wuce digiri 60.

Ki cire kayan cikin ki zubar, ki duba tsokar gefen ciki da kyau, ki soya ko ki dafa ya nuna har ciki. Abin da nake so ki kula da shi sosai, wasu jikinsu ba ya son ta ko ta mutu, in yaro ya ci ya fara ƙaiƙayi ko kumburin baki ki garzaya da shi asibiti kar ki tsaya jiƙe-jiƙe.