Ga ɗan'uwan da ya ce Turancin tsofaffin finafinan Birtaniya ya gagare shi

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce ka kunna Brighton Rock sau uku kana kashewa, ba ka jin abin da suke faɗa, hoton duhu, kuma mutanen gida suna yi maka dariya wai kana kallon fim mara kala. Ka ce ko ka haƙura ne. Kada ka haƙura don Allah. Ni ma haka na fara, kuma na fi shekara ina fama kafin kunnena ya buɗe.

Abu na farko, kuskuren daga mafarin ne. Brighton Rock ba na sabon shiga ba ne, yaran Pinkie, jarumin fim ɗin, maganar 'yan daba suke yi, a dunƙule, ko Bature na wani garin sai ya kasa kunne. Kuma ka duba da kyau wanne ka sauke, don akwai na 2010 mai kala. Namu shi ne na Richard Attenborough yana saurayi. Ka ajiye shi tukuna. Ka nemi It Always Rains on Sunday na 1947, na Robert Hamer. Labarin yini ɗaya ne kacal, ranar Lahadi ana ruwa a Bethnal Green, unguwar talakawa a gabashin Landan. Matar aure, Rose, ta leƙa ramin ɓuyan bam da ke bayan gidansu ta tarar da tsohon saurayinta ya gudo daga kurkuku. Ko ba ka jin kalma ɗaya za ka gane. Akwai wajen da ta ɗauko zoben da shi ya ba ta tun suna soyayya, ta miƙa masa ya sayar ya samu na guzuri, shi kuwa bai ma gane zoben ba. Ka kalli fuskar Googie Withers, wadda ta fito a matsayin Rose, a wajen nan. Na dakatar da fim ɗin na yi shiru na daɗe.

Wannan fim ɗin yana cikin waɗanda na rasa, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Shekara huɗu ina tara su a memori ɗaya, wajen fim sittin. Datar dare nake saya, in kunna saukewa in kwanta, da asuba in tarar ta yanke a kashi tamanin, in sake daga farko. Kowane fim na nemo masa rubutun ƙasa na daidaita da hannuna, wani sai na yi awa biyu ina matsar da shi daƙiƙa-daƙiƙa don ya hau kan magana. Sai wani abokina, wanda muka taso tare, ya zo ya ce in ara masa memorin kwana biyu zai kwafi wani abu. Ban yi musu ba. Sati uku ina bin sa. Ranar da ya kawo, na jona a kwamfuta, babu komai sai bidiyon bikin ƙanwar matarsa. Ya goge duka. Da na kira shi hannuna na rawa, abin da ya ce mini shi ne wai ya ɗauka sun lalace ne tunda babu kala, kuma ai ba wani abu ba ne, in sake saukewa mana. Ko haƙuri bai ba ni ba. Asarar na iya ɗauka, amma wannan "ba wani abu ba ne" ita ta tsaya mini a wuya. Muna gaisawa har gobe, amma ban sake ba shi aron ko caja ba. Akwai The Third Man cikakke a ciki, na Birtaniya mai minti 104, wanda na sha wahala kafin na samu.

Tunda na ambace shi, ka kula, iri biyu ne. Wanda aka kai Amurka furodusa David Selznick ya yanke masa kusan minti 11, har muryar da ke buɗe labarin ma an canza. Ka nemi na Birtaniya. Shi kam Turancinsa da sauƙi, don Joseph Cotten da Orson Welles Amurkawa ne, kuma maganar Jamusanci da ke ciki shi kansa jarumin ba ya ji, to kai da shi ɗaya kuke.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne sanin halin da mutanen Birtaniya suke ciki a lokacin. Sun ci Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 amma yunwa ba ta sake su ba. Burodi ma sai a 1946 aka sa shi a katin rabo, bayan yaƙin ya ƙare, kuma rabon abinci bai ƙare gaba ɗaya ba sai 1954. Shi ya sa ɓarayin finafinan nan ba manyan attajirai ba ne irin na Amurka, 'yan kasuwar bayan fage ne masu sayar da sigari da safa da giya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗan bumburutu lokacin wahalar mai ya san irin mutanen. Harry Lime ma, wato Orson Welles a cikin The Third Man, penisilin yake tsarmawa da ruwa yana sayarwa a Biyana, yara suna mutuwa a asibiti.

Ka sa rubutun ƙasa na Turanci, ba abin kunya ba ne. Ka kalla da dare, ka kashe fitila, ka sa abin kunne. A waya da rana duhun nan ba ya fitowa, sai ka ga kamar hoton ne ya lalace.

In ka saba, ka tsallaka zuwa Saturday Night and Sunday Morning na 1960. Albert Finney ya fito a matsayin Arthur, yana aiki a masana'antar keke a Nottingham, kuma masana'antar Raleigh ce, keken Rali ɗin nan dai da iyayenmu suka hau. Babanmu ya yi shekaru da nasa, yana goge shi duk Juma'a, ban taɓa tunanin hannun da ya ƙera shi ba sai da na ga Arthur tsaye gaban inji yana ƙirga abin da ya yi don ya san kuɗin satinsa. Kes na 1969 kuwa ka bar shi sai can gaba, Turancin mutanen garin Barnsley ko Amurkawa ya ba su wahala.

Kuma don Allah duk abin da ka tara ka ajiye shi wuri biyu. Ni yanzu na dawo da goma sha tara, Odd Man Out nake nema mai kyawun hoto, in wani a cikinku yana da shi ya yi mini magana.