Sun ce sai na biya kuɗin fom kafin su turo bashin

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce a Zariya, kekena ya tsufa ina so in sayi na lantarki kafin ɗinkin sallah ya kankama. Na ga talla a Facebook wai ana ba da bashin naira dubu 300 ba jingina ba mai tsaya wa mutum, da na yi magana suka maida ni WhatsApp. Sun karɓi 7,500 kuɗin fom, jiya kuma suka ce in ƙara 15,000 na inshora, in turo BVN da lambar da za ta shigo wayata. Maigidana bai sani ba. In tura ko in haƙura?
Ƙanwarki daga Tudun Wada

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Don Allah kar ki ƙara tura ko sisi, 'yan damfara ne. Galibi mai ba da bashi na gaskiya ba ya fara karɓa daga hannunki, in ma akwai wani caji to daga cikin kuɗin yake cirewa, kuma a rubuce za ki gani kafin ki sa hannu. Su waɗannan yau fom, gobe inshora, jibi su ce haraji ko wai kuɗin ya maƙale sai an biya a sake shi, haka za su yi ta tatsarki har ranar da kika ce babu, sai ki wayi gari sun yi bulokin ɗinki.

Ki koma ki duba rasit ɗin 7,500 ɗin nan, sunan wa ya fito lokacin da kika sa akawun lamba? Kusan kullum sunan wani mutum ne can daban, ba na kamfani ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali lambar nan ce. OTP ake kiranta, ita ce mukullin akawun ɗinki, ko ma'aikacin bankinki ba shi da hurumin tambayarki ita. In suka haɗa ta da BVN za su iya kwashe ɗan abin da kika tara, ko su ci bashi a wani wuri da sunanki ki zo kina biyan abin da ko ƙyallinsa ba ki gani ba. In har kin riga kin ba su lambar katin bankinki to yau ɗin nan ki je banki a toshe shi, ki kai ƙorafi da hoton hirarku da rasit, kar ki goge komai. EFCC ma na karɓar irin wannan ƙara, duk da gaskiya dawowar kuɗin ba tabbas.

Nan gaba ki duba sunan mai bashin, bankunan maikurofainans CBN ke ba su lasisi, masu bashi ta manhajar waya kuma tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, ta wajabta musu rajista, jerin sunayensu na shafinta. Manhajar da ta nemi shiga lambobin wayarki da hotunanki ki guje ta, su ne masu tura wa dangi da surukai saƙon cin mutunci in an yi lattin kwana biyu.

Maganar keke kuwa, ki gwada adashen 'yan uwanki teloli, ko ki tambayi dilan kekuna ko zai yarda ki biya kaɗan-kaɗan. Kuma ki faɗa wa maigidan a daren yau, ki nuna masa hirar gaba ɗaya, don mutanen nan za su sake kiranki da wata lambar.