Tambaya da Amsa: Zan iya koyon Helenanci da haruffan boko?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni mai bishara ne a wata ƙaramar ikilisiya a Angwan Rukuba, Jos. Na fara koyon Helenancin Sabon Alkawari ni kaɗai, amma haruffan sun ɗaure mini kai, sai na koma rubuta kowace kalma da boko. Zan iya ci gaba a haka har in kai ga nahawu?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Gaskiya ba zan ba ka shawarar ci gaba a haka ba. Haruffan 24 ne kacal, kuma wanda ya zauna da biro da takarda kowace safiya yana rubuta su yana furtawa, kamar ɗalibin makarantar allo, mako biyu sun ishe shi.

Ga inda boko zai cuce ka. Helenanci yana da e iri biyu, ε da η, da o iri biyu, ο da ω. Masana idan sun juya su zuwa boko sukan ɗora ɗan layi a kan mai tsawon. Mu kuwa da muka saba da rubutun Hausa, inda ba a nuna tsawon wasali, hannunmu zai bar layin nan ba mu lura ba, alhali wani lokaci ma'anar aya a kansa take rataye. Duba Romawa 5:1. Wasu tsofaffin kwafe na hannu suna da ἔχομεν, wato muna da salama da Allah, wasu kuma ἔχωμεν, wato bari mu kasance da salama. Harafi ɗaya ne ya raba shela da gargaɗi. Haka ma ɗan waƙafin da ake ɗorawa a kan wasalin farko: ἐν na nufin a cikin, ἕν kuma, da ake furtawa hen, na nufin ɗaya. Sannan ƙamus da jerin alfa, beta, gamma yake tafiya. In ba ka san jerin ba, ba ka iya buɗe shi.

Ka yi hattara da haruffa masu kama da na boko. ρ ba p ba ne, r ne. ν kuma ba v ba ne, n ne. Gamma biyu a jere (γγ) ng ake karanta su.

Game da nahawu, abin da zai zame maka sabo shi ne ƙarshen suna yana canzawa bisa aikinsa a jimla. A Hausa, jerin kalmomi ke nuna wanda ya yi da wanda aka yi wa. A Helenanci wutsiyar kalma ce ke faɗa: λόγος in shi ne mai aikatawa, λόγον in a kansa aikin ya faɗa, λόγου in mallaka ce. Jinsi kuma uku ne, ba biyu irin namu ba. Shawarata ka fara haddace jadawalin ὁ, ἡ, τό, wato ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin suna kamar 'the' a Turanci, domin su ne za su riƙa tona maka asirin sunan da ke biye da su.

A wajen aikatau kuwa Bahaushe yana da sa'a, kuma ina jin zafin yadda ba a cika gaya wa ɗalibanmu wannan ba. Bambancin da ke tsakanin ya rubuta da yana rubutawa, wanda ka sha a nono, yana kusa ƙwarai da yadda Helenanci ke raba aikin da aka kalla a dunƙule da wanda ke cikin gudana. Ka riƙa fassara darasinka zuwa Hausa kai tsaye.

Kalmomi kimanin 300 da suka fi maimaituwa su ne kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da za ka tarar a Sabon Alkawari, don haka da su za ka fara. Karatun farko kuma ya zama wasiƙar Yohanna ta fari. Ka bar Ibraniyawa sai ka yi ƙwari. Kuma tunda a Jos kake, ga kwalejin tauhidi ta TCNN a Bukuru, ga makarantar tauhidi ta ECWA a cikin gari. Ka nemi ɗalibi ɗaya da ya gama shekarar farko, ya riƙa sauraron karatunka ko da sau ɗaya a mako yana gyara maka furuci.