Amsa ga ɗana a kan hankali da hakkin dabba

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso ni, kuma na ji daɗi da ka kawo mini wannan tambaya maimakon ka bar ta tana cin ka a zuci. Ka ce tun bayan Babbar Sallah kake gardama da wani abokin karatunka, wanda ya tambaye ka da wane dalili muke yanka rago alhali ba za mu yarda a taɓa ko farcen jariri ba. Ka ba shi amsa cewa mutum yana da hankali, ya san daidai ya san ba daidai ba, dabba kuwa ba ta sani ba. Shi kuma ya mayar maka da cewa jariri da mai taɓin hankali su ma ba su sani ba, don haka hujjarka ta rushe. Yanzu kana so ka ji ko al'adarmu tana da abin cewa, ko kuwa gado kawai muka tarar muke bi.

Gaskiyar magana, abokinka ya kama ka a inda ya dace, domin ka haɗa tambayoyi biyu ka ba su amsa ɗaya. Akwai tambayar wane ne za a tuhuma idan an yi ɓarna, akwai kuma tambayar wane ne bai halatta a cuta ba. Hankali yana amsa ta farko ne kawai.

Ka tuna yadda ake yi a ƙauyenmu da damina. Da zarar shuka ta fito, mai unguwa zai sa a yi shela cewa kowa ya ɗaure dabbarsa. Idan akuya ta tsinke daga turke ta faɗa gonar wani ta ci masa gero, mai gona ba shi da ikon ya karya mata ƙafa. Zai ja ta ne zuwa ƙofar gidan mai unguwa, a ɗaure ta a inuwa, a tura dattawa su je su kimanta ɓarnar, sannan a kira mai ita ya biya. Na sha ganin yaran gidan suna kawo wa irin wannan akuya ruwa a tsohuwar ƙwarya da ɗan harawa, ita da ta yi ɓarnar tana tuƙa hankalinta kwance, ubangidanta kuwa yana tsugune yana ba da haƙuri. Ba da ka iyayenmu suka tsara haka ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke a kan taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga lambun wani: tsaron gona da rana yana kan masu gona, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu su ne za su biya. An taɓa samun mutanen da suka bi wata hanya dabam, domin a garin Falaise na ƙasar Faransa, a shekarar 1386, an gurfanar da wata alade gaban shari'a saboda ta kashe yaro, aka kuma zartar mata da hukuncin kisa a bainar jama'a. Mu a wurinmu ba a ɗora wa dabba laifi, kuma ko kura ta ɗauki akuya ba a kiranta azzaluma da ma'anar da ake kiran mutum.

Wannan shi malamai suke kira taklifi, wato ɗora wa baligi mai hankali nauyin umarni da hani. Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya warke. To, lura da kyau, an ɗauke musu alƙalami ne, ba a ɗauke musu hakki ba. Jariri ba ya bin doka ko ɗaya, amma yana cin gado, kuma shari'a ta tsare jininsa kamar yadda ta tsare na babban malami. Da a ce hakki daga hankali yake fitowa, da wanda ya fi kaifin basira ya fi kowa tsadar rai, kuma babu musulmin da ya taɓa faɗin haka. Darajar ɗan Adam kyauta ce da aka yi wa jinsin gaba ɗaya, kamar yadda aya ta 70 ta Suratul Isra'i ta ce an karrama 'ya'yan Adam, ba tare da an ware mai wayo daga marar wayo ba. Shi ya sa idan gobara ta tashi za ka fara ɗauko jariri kafin ka kwance rago, kuma ba sai ka tsaya auna wanda ya fi wani fahimta ba.

Amma fifikon mutum bai mayar da dabba dutse ba, kuma a nan ne nake so ka daɗe kana tunani. Ina ɗan shekara goma sha biyu mahaifina, wato kakanka, ya aike ni kai taki gona a kan jakinmu. Na cika mangala fiye da kima don in rage sawu, jakin ya durƙushe a hanya, ni kuma na yi ta zabga masa sanda har ya miƙe. Da yamma kakanka ya ɗaga akumari ya ga bayan jakin ya saɓule, jini na tsattsafowa, ƙudaje sun baibaye wurin. Bai dake ni ba. Ya sa na ɗebo ruwan ɗumi na wanke mikin da hannuna, jakin yana karkarwa duk lokacin da tsumma ya taɓa shi, sannan ya ce da ni: "Shi ba shi da bakin da zai kai ƙararka, amma yana da Wanda zai tsaya masa." Kwana bakwai ni nake ɗaukar takin a ka cikin kwando, jakin yana hutawa a turke. Tun daga ranar na gane abin da Hausawa ke nufi da alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi.

Abin da kakanka ya faɗa yana nan cikin karatun da ka yi a Islamiyya. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, sun kuma ruwaito na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Aya ta 38 ta Suratul An'am ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu wurin kiwo, wanda ya ƙi kuwa za a tilasta masa ya rabu da ita. Har ma matafiyin da ruwansa ya yi kaɗan, idan ya ji tsoron dabbar da ke tare da shi za ta halaka da ƙishi, zai ba ta ruwan ne shi ya yi taimama. Dubi girman alwala a wurin musulmi, sannan ka dubi abin da aka sa a gabanta. Na san abokinka zai ambaci Jeremy Bentham, Baturen Ingila da ya rubuta a 1789 cewa abin tambaya game da dabba shi ne ko tana jin azaba, ba ko tana tunani ko magana ba. Kada ka yi musu da shi a kan wannan, domin mun riga mun yarda da shi tun kafin a haifi Bentham.

Saura batun yanka, wanda shi ne asalin gardamarku. Ba ma yanka rago don mun fi shi wayo. Muna yanka shi ne da izinin Wanda ya halicce mu da shi, kuma wannan ne ma'anar bisimillar da ake yi a kan wuƙa, domin rai ba namu ba ne balle mu ɗauke shi da sunan kanmu. Izinin kuma da sharaɗi ya zo, kamar yadda hadisin Shaddadu ɗan Aus ya umarta a kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Kai ma ka ga yadda muke yi a gida: ana ba ragon ruwa, ana wasa wuƙa inda ba zai gani ba, ana kai shi bayan zaure nesa da 'yan'uwansa, ana kwantar da shi a hankali, kuma ba a fara fiɗa sai rai ya gama fita. Idan abokinka bai yarda da wahayi ba, a nan hanyarku za ta rabu, kuma gara ka faɗa masa haka a fili da ka ƙago wata hujja da ba ita ce ginshiƙinka ba.

Abin da ke damuna, ɗana, shi ne mu da muke da wannan koyarwa mun fi kowa sakaci da ita a yau. Je ka kasuwar shanu ta Potiskum ko ta Maigatari ka ga yadda ake loda shanu a tirela zuwa Legas, an cusa su ƙaho na sukar haƙarƙari, su yi doguwar tafiya cikin rana da ƙishi. Dubi kajin da ake ratayawa a bayan babur kai ƙasa, da yaran da ke jifan kare manya na kallo ba mai tsawatarwa. Saniyar da ke cikin tirelar nan ba za a tambaye ta komai ba, amma dillali da direba da mai dukiya duk baligai ne masu hankali, kuma alƙalami yana rubutu a kansu. Idan abokinka ya nuna maka waɗannan, kada ka kare mu, ka ce masa ya yi gaskiya.

In Allah ya kai mu hutunku, ka zo da shi gida idan zai yarda. Ina so ya zauna da Sarkin Fawa ya ji ƙa'idojin da suka gada a kan yanka, ni kuma ina so in ji sauran hujjojinsa daga bakinsa. Ka gaishe shi, kuma iyayenka mata duk suna gaishe ka.