Rumfar gonarmu ba ta ganin damina biyu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu ƙungiyar mata ce masu noman rani a Dadin Kowa, gonarmu ta haɗin gwiwa ce. Rumfar da muke hutawa, muke kuma tara tumatir kafin mota ta zo, duk shekara sai ta faɗi. Bencin ma gara ta cinye. Kwano za mu saya ko yaya?
Daga shugabar ƙungiya, Yamaltu Deba, Jihar Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a nomanku. Kada ku fara da kwano. A zafin Maris da Afrilu ƙarƙashinsa kamar tanda yake, tumatirin da aka tsinko da safe kafin azahar ya saki jiki. Jinkar shuci ko zana biyu a kan juna ta fi sanyi nesa ba kusa ba.

Ciwon rumfarku a ƙafa yake, can za ku zuba kuɗin. Ku nemi dirkokin ƙirya ko azarar giginya namiji, su ne gara ke shakka. Amma don Allah busasshe za ku saya, kada a sare ɗanyar ƙirya, masu gawayi sun riga sun rage ta. A babbake gindin kowace dirka har ya yi baƙi, a haƙa rami kamu ɗaya da rabi, a fara zuba tsakuwa kafin a kafa, sannan a daɓe sosai. Na san za a ce ku shafa baƙin mai. Ni dai ban yarda da shi ba a gonar da ake ban ruwa, domin tsiyaya yake ya shiga ƙasar da abincinku ke fitowa.

Sai iska. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, don haka ku ba gabas baya, ɓangaren ya fi gaba gajarta, a ɗaure jinkar da waya a kan kowace dirka. Ku zaɓi tudu, nesa da hanyar ruwa.

Benci kuwa ku haƙura da shi, ku gina dakali. A shimfiɗa duwatsu a ƙasa, a ɗora tubalin jan ƙasa, a yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ruwa ba ya saurin cin ta. Tsayinsa ya kai gwiwa, don iyayenmu masu ciwon ƙafa su iya tashi ba sai an kama su ba. A sabunta yaɓen duk shekara kafin ruwa ya sauka.

Da damina ta kankama ku dasa darbejiya biyu ta yamma, taku goma daga rumfar, saboda ranar la'asar. Ku kewaye su da ƙaya saboda awaki.