Tambaya da Amsa: Zaizayewar ƙashi da haɗin mai kemis

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifiyata ’yar shekara 63 ta zame a banɗaki, hannu kawai ta dafa a ƙasa, sai wuyan hannun ya karye. A asibiti aka ce ƙashinta ne ya zaizaye. Mu dai mun san ta daɗe tana fama da sanyi, tana shan haɗin da mai kemis ɗin layinmu ke ba ta. Wai ciwon nan ya yi yawa a cikin mutane ne, ko mu ne ya faɗo wa? Hankalina a tashe yake, don ni ma na haura 40. Daga wata ’yar’uwa a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne.

Ba ku kaɗai ba ne. A duniya, cikin mata uku da suka wuce shekara 50, ɗaya za ta samu karaya saboda zaizayewar ƙashi. A maza kuma ɗaya cikin biyar. A Amurka, binciken 2017 zuwa 2018 ya samu ciwon a jikin kashi 12.6 cikin ɗari na ’yan shekara 50 zuwa sama, mata kashi 19.6, maza 4.4. Mata sun fi shan wuya ne don ƙashi na saurin raguwa bayan ɗaukewar al’ada. Kada kuma a ce raunin ƙashi ciwon Turawa ne. Tun 1999 wani bincike da aka yi a nan Jos ya nuna ƙarancin kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, a abinci ne ke gwame ƙafafun yaranmu da yawa.

Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne haɗin nan. Zaizayewar ƙashi ba ta ciwo. Ba ta sa zugi, ba ta sa tsamin jiki, sai ranar da ƙashi ya karye. Ciwon gwiwa da ƙugu da dattawanmu ke kuka da shi, mafi yawa amosanin gaɓɓai ne, kuma sanyin Jos ba ya cin ƙashin kowa. To sai a je wurin yaron da ko aji ɗaya na ilimin magani bai shiga ba, ya ƙirga ƙwayoyi kala-kala a leda, babu suna babu kwali. Sau da yawa a ciki akwai dexamethasone ko prednisolone. Mama ta sha, gari ya waye ta miƙe garau, ta ci abinci, fuska ta cika, kowa na sa wa mai kemis albarka. Alhali waɗannan ƙwayoyin suna hana jiki gina sabon ƙashi, suna rage kalsiyam ɗin da hanji ke tsotsa. Wata 3 ana sha kullum ya isa ya ƙara haɗarin karaya, ga hawan jini ga ciwon suga. Cikar fuskar ma ba lafiya ba ce, kumburin magani ne. Su ne dai ƙwayoyin da ’yan mata ke haɗiya da sunan sha-ka-fashe don amarya ta yi ɓulɓul. Kullum muna ganinsu a asibiti, kuma wallahi abin ya ishe ni. Mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa, idan ƙugu ya karye ba shi zai yi jinya ba. Karayar ƙugu kuwa ba wasa ba ce: kusan ɗaya cikin biyar na tsofaffin da ta samu ba sa cika shekara.

Kada ki ƙwace ledar yau ki zubar. Wanda ya daɗe kan irin wannan magani, tsayar da shi farat ɗaya na iya kayar da shi, jini ya sauka, har rai ya salwanta. Ki kwashi ƙwayoyin yadda suke ki kai wa likitanta, shi zai rage su a hankali. Ki nemi a tura ta hoton auna ƙarfin ƙashi, DXA. Akwai maganin zaizayewar ƙashi irin alendronate, ana shan sa sau ɗaya a mako.

A gida kuma: nono da kindirmo, ƙananan kifi da ƙayarsu, zogale, riɗi, fita rana, da tafiyar ƙafa. Ke ma da wannan za ki fara tun yanzu. A sa mata abin dafawa a banɗaki da fitila mai haske, a raba ta da silifas mai santsi.